Sunan wa ɗan riƙo zai amsa a lakwal?

A ƙasashen da doka ta yarda mutum ya mayar da ɗan wani nasa, akwai wasu watanni da yaro ke kwana a gidan sababbin iyaye alhali takardunsa na ɗauke da sunan na farko. Idan shiga lakwal ta faɗo cikin waɗannan watanni, sai gardama ta tashi tsakanin iyaye, malamai da hukuma. Yadda Ingila, Faransa da Aljeriya suka ɓullo wa al'amarin abin dubawa ne ga duk mai riƙon yaro a Nijar.

A Ingila farkon watan Satumba ake shiga makaranta, kuma yaro na ɗan shekara huɗu ake kai shi ajin farko. Da safe malama takan buɗe rajista ta kira sunaye ɗaya bayan ɗaya. An riga an manna sunan kowane yaro a kan ƙugiyar da zai rataye rigarsa ta sanyi, da kan littattafansa, da jakarsa. Ga akasarin yara wannan ba komai ba ne. To amma a cikinsu akwai wanda wata biyar ko shida ke nan da hukuma ta ɗauko shi daga hannun masu renon wucin gadi, ta damƙa shi ga wani miji da mata waɗanda suka nemi ya zama ɗansu. Ya fara ce musu baba da mama. An faɗa masa nan ne gidansu, ba za a sake ɗaga shi ba. Sai ga shi ranar farko a makaranta an kira shi da sunan iyalin da aka raba shi da su, sunan da babu mai amsa shi a gidan da ya kwana.

Ba abin mamaki ba ne idan sababbin iyayen suka je wurin shugaban makaranta suna roƙon a rubuta yaron da sunansu tun yanzu, tunda dai alƙali zai ba shi sunan nan da ƴan watanni. Dalilansu biyu ne, kuma duka masu nauyi. Na farko hankalin yaron: wanda ya riga ya zaga gida biyu ko uku kafin ya cika shekara biyar yana bukatar abin da zai tabbatar masa cewa ya iso. Idan ya koyi rubuta wani suna a watan Satumba, a watan Maris kuma aka ce ya goge ya koyi wani, to dukan ƴan ajin za su tambaye shi dalili, kuma labarin da bai kai shekarun bayarwa ba zai zama abin hira a bakin ƙofar makaranta. Na biyu tsaro ne. Yawancin yaran nan an karɓe su ne daga iyayensu saboda duka, ko sakaci, ko shaye-shaye, kuma ba a son dangi su gano inda suke. Suna guda da ya fito a jerin ƴan wasan ƙwallo na makaranta, ko a ƙarƙashin wani hoto a Facebook, ya isa ya kawo baƙo bakin ƙofa.

Duk da haka doka ta ce a dakata.

Tabanni da riƙo

Kafin a shiga dalilan dokar, ya kamata a bambanta abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Riƙo kowa ya san shi a ƙasar Hausa: gwaggo ta ɗauki ɗiyar ƙanenta, kaka ta karɓi ɗan fari da zarar an yaye shi, matar da ba ta samu haifuwa ba a ba ta ɗan kishiya ko na ƴar'uwa. Yaron zai ci, ya sha, ya girma, a yi masa aure a gidan, amma kowa ya san ubansa, shi ma ya sani. Abin da Faransawa ke kira adopsiyon, wanda malamai ke ce wa tabanni, wani abu ne dabam. Alƙali ne zai yanke hukunci cewa daga yau wannan yaro ɗan wane ne, tamkar shi ya haife shi. Zai ɗauki sunansa, ya gaje shi, kuma a cikakken tabanni dangantakarsa da iyayen da suka haife shi ta yanke a idon doka.

Ko a Turai abin ba daɗaɗɗe ba ne kamar yadda ake zato. Ingila ba ta da dokar tabanni sai a 1926. Kundin dokokin Napoleyon na 1804 ya yarda da tabanni, amma na manya kaɗai. Sai a 1923, bayan yaƙin duniya na farko ya bar marayu birjik, Faransa ta buɗe ƙofar ga ƙananan yara.

Akwai kuma bambancin suna. Bahaushe sunan ubansa yake jingina wa nasa, ɗansa kuma ya jingina nasa, don haka suna na biyu yana sauyawa daga tsara zuwa tsara. Bature kuwa sunan iyali yake gado, wanda kakan kakansa ya amsa, kuma bisa al'ada miji da mata da ƴaƴa duk shi suke amsawa. Gaskiya ne yau saki da zaman da ba aure sun sa gidaje da yawa na da sunaye biyu ko uku, har ba a ɗaga ido. Amma yaron da ake magana a kansa ya san dalilin da ya sa nasa ya bambanta, shi ya sa abin ke yi masa nauyi.

Abin da dokar Ingila ta ce

Dokar da ke aiki a Ingila da Wales ita ce ta 2002, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a ƙarshen 2005. Matakai biyu ta shimfiɗa. Da farko kotu takan ba hukumar gari izinin nema wa yaro gida ta ajiye shi a can. Daga baya, idan zaman ya yi kyau, masu riƙon su shigar da bukata, kotu ta yanke hukuncin tabanni. Ba su da ikon shigar da bukatar sai yaron ya yi aƙalla mako 10 a gidansu, kuma daga shigarwa zuwa hukunci wasu watanni ne ke ƙara wucewa, musamman idan uwar yaron ko ubansa sun tashi da ƙorafi.

A tsakanin matakan biyu, yaron yana da masu iko a kansa har kashi uku: hukumar da ta ajiye shi, masu riƙonsa, da iyayen da suka haife shi, waɗanda an taƙaita ikonsu amma ba a soke shi ba tukuna. Sashe na 28 na dokar ya hana abu biyu a wannan lokaci. Ba wanda zai sa a san yaron da sabon sunan iyali, kuma ba wanda zai fitar da shi daga Birtaniya, sai da izinin kotu ko da yardar kowane ɗaya daga iyayensa a rubuce. An yi rangwame kan tafiya: masu riƙon na iya fita da shi idan tafiyar ba ta kai wata guda ba. Kan suna ba a yi rangwame ba ko kaɗan. Abin lura shi ne dokar ba ta tsaya ga canza takarda ba. Sa mutane su san yaron da sunan ma ta hana. Wato ko a baki ne aka umarci malama ta riƙa kiran sa da sabon suna, an shiga hurumin da ke bukatar izini.

Me ya sa aka tsaurara haka? Domin har ranar hukunci ba a gama ba. Uwar yaron tana da damar neman kotu ta ba ta izinin ƙalubalantar tabannin idan ta nuna halinta ya sauya, misali ta bar shaye-shaye ko ta rabu da mijin da ke dukan yaran. Ba kasafai irin wannan ƙara ke nasara ba, amma ƙofar a buɗe take. A 2013 kotun ƙolin Birtaniya ta tuna wa alƙalai cewa raba yaro da iyayensa ba da yardarsu ba mataki ne na ƙarshe, wanda ake ɗauka idan babu wata mafita. Bayan haka adadin yaran da ake yi wa tabanni daga hannun hukuma a Ingila ya sauka: ya kai 5,360 a 2015, a shekarun baya-bayan nan kuwa yana wajajen 3,000 a shekara. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: wani lokaci masu riƙon ne da kansu ke kasawa, su mayar da yaron kafin hukunci. Yaron da aka ba sabon suna a watan Satumba, aka mayar da shi hannun hukuma a watan Janairu, ya rasa gida ya rasa suna a lokaci guda, ga shi an riga an raba shi da na farkon. Wanda ya rubuta sashe na 28 wannan yaron yake tunani.

Makarantun Ingila sun samu wata hanya da ke rage zafin abin. Rajistarsu na da gurbi biyu: sunan doka, wato wanda ke kan takardar haifuwa, da sunan da yaro ke amsawa a makaranta. Idan an samu izini, gurbi na biyu shi ke fitowa a jerin kira, da kan littattafai, da wasiƙun da ake aika wa iyaye, na farko kuma ya kwanta a ofis, sai shugaban makaranta da magatakarda ke ganinsa. Hanyar da ta dace ita ce masu riƙon su yi maganar da jami'in jin daɗin jama'a mai kula da yaron tun kafin a shiga makaranta, a nemi yardar iyaye ko ta kotu, sannan a kai wa makaranta takarda. Hukumomin garuruwa ba su zama ɗaya wajen sauƙin hali ba. Wasu na hanzarta neman izinin idan akwai barazanar tsaro, wasu na cewa a yi haƙuri ranar hukunci ta zo. Wasu malamai kuma sukan kauce wa rigimar da dabara: a ajin ƴan shekara huɗu sunan yanka kaɗai ya isa, babu dalilin rubuta sunan iyali a kan ƙugiyar riga.

Ranar da alƙali ya sa hannu, komai ya sauya lokaci guda. A rubuta yaron a rajistar tabanni ta ƙasa, a ba shi sabuwar takarda mai maye gurbin ta haifuwa, makaranta ta gyara gurbin farko. Amma tsohuwar takardar ba a ƙone ta. Tun dokar 1975, duk wanda aka yi wa tabanni a Ingila yana da ikon ganin takardar haifuwarsa ta asali idan ya cika shekara 18.

Faransa: takarda ce gaba

Mai karatun da ya yi lakwal a Nijar ya fi sanin halin Faransa, domin ita ce ta bar wa ƙasar son takarda da hatimi. Tun 23 ga Agusta 1794, a zamanin juyin juya hali, aka kafa dokar da ta hana ɗan ƙasa ɗaukar wani suna wanda ba shi ne ke kan takardar haifuwarsa ba, kuma tushen na nan har yau. Dokar 11 ga Yuli 1966 ta raba tabanni gida biyu: cikakke, wanda ke shafe dangantakar farko, yaro ya ɗauki sunan sabon iyali, da mai sauƙi, wanda ke barin dangantakar farko, a ƙara sabon suna a kan tsohon.

A nan masu riƙo sun fi na Ingila kwanciyar hankali ta wani fanni. Iyayen da suka yarda a ɗauki ɗansu suna da wata biyu su janye. Bayan haka, da zarar an damƙa yaron ga sabon gida da niyyar cikakken tabanni, doka ta rufe hanyar mayar da shi ga danginsa. Duk da wannan, sai yaron ya yi aƙalla wata shida a gidan kafin kotu ta yanke hukunci, kuma kafin ranar sunansa na doka shi ne na farko. Rubuta yaro a makaranta yana bukatar littafin iyali ko takardar haifuwa, abin da ke cikinsu shi ake kwafewa. Dokar 1985 ta yarda mutum ya jingina sunan uwarsa a kan na ubansa don amfanin yau da kullum, amma iyaye take nufi, mai riƙo kuwa bai zama uba ba tukuna. Abin da ya rage shi ne fahimtar juna da darakta da malamin aji kan sunan da za a riƙa kira.

Akwai yaran da lamarinsu ya fi ban tausayi. Faransa ta yarda mace ta haifu a asibiti ba tare da bayyana sunanta ba. Irin wannan jariri, idan uwar ba ta zaɓa masa suna ba, jami'in rajista ne ke zaɓa masa sunayen yanka uku, na ƙarshe ya zama tamkar sunan iyali. Sunan da doka ke karewa a nan ba na uba ba ne, ba na kaka ba, wani ma'aikaci ne ya ɗauko shi da safe a ofis. Amma ko shi ba a taɓa shi sai da hukunci. Abin da ke sanyaya ran masu riƙo shi ne, idan hukuncin ya fito, ƙarfinsa na komawa baya zuwa ranar da aka shigar da bukata, a rubuta sabuwar takardar haifuwa, a soke tsohuwar.

Labarin Zaidu da dabarar Aljeriya

A ƙasashen Musulmi tambayar juyawa take, domin tabannin da Bature ke jiran ya kammala ba zai taɓa kammaluwa ba. Asalin hukuncin sananne ne. Zaidu ɗan Harisa an kama shi yana yaro aka sayar, ya faɗo hannun Nana Khadija, ta ba da shi ga Annabi (S.A.W.), wanda ya ƴanta shi. Da mahaifinsa da baffansa suka zo Makka fansarsa, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama. Daga nan aka riƙa kiran sa Zaidu ɗan Muhammadu, shekara da shekaru, har ayoyin Suratul Ahzab suka sauka a Madina, aka umarci a jingina ƴaƴan riƙo ga iyayensu na asali. Ya koma Zaidu ɗan Harisa. Matsayinsa a gidan bai ragu ba. Shi ne sahabi ɗaya da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani, kuma yana jagorantar runduna ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira.

Akwai wani sahabi da labarinsa ya fi kusa da maganar lakwal. Miƙdadu ɗan Amru ne, amma Aswadu ne ya riƙe shi a Makka, kuma har yau littattafai Miƙdadu ɗan Aswadu suke ce masa. Malaman tafsiri sun kawo shi misali: sunan da ya bi bakin jama'a don a gane mutum, ba da nufin ƙaryata asalinsa ba, bai shiga cikin laifin ba. Abin da aka haramta shi ne da'awar nasaba, da abin da ke biye da ita na gado da aure. Ashe bambancin da rajistar Ingila ta yi tsakanin sunan doka da sunan kira tsohon abu ne a fiƙihu.

Tunisiya ce ta fita dabam, ta halatta tabanni da dokar 4 ga Maris 1958. Aljeriya kuwa, a dokar iyalinta ta 1984, ta haramta shi ƙarara, ta shimfiɗa kafala a madadinsa: mutum ya ɗauki alkawari a gaban alƙali ko notari cewa zai ciyar da yaro, ya tarbiyyantar da shi, ya kare shi kamar yadda uba ke yi. Yaron ba ya gado, amma mai riƙo na iya yi masa wasiyya ko kyauta har sulusin dukiyarsa. Sai matsalar makaranta ta taso. Yaran da aka tsinta, ko waɗanda ba a san ubansu ba, sunan da ofis ya laƙaba musu shi ke tona asirinsu a gaban ƴan aji tun ranar farko. Saboda haka a 13 ga Janairu 1992 gwamnati ta fitar da wata doka wadda ta yarda mai kafala ya nemi a daidaita sunan yaron da nasa, muddin ba a san uban ba. Idan uwar sananniya ce kuma tana raye, sai da yardarta a rubuce. Ana rubuta canjin a gefen takardar haifuwa. Sunan bai sa yaron ya zama magaji ba, bai kuma shafe gaskiyar haifuwarsa ba. An yi muhawara mai zafi a kan dokar, amma ta zauna.

Wata shari'a ta nuna yadda hanyoyin biyu ke karo. Wata Bafaransa ta karɓi kafalar jaririyar da aka haifa a Aljeriya a 2003 aka yasar. A farkon 2004 kotun Aljeriya ta ba yarinyar sunan matar, suka tafi Faransa. Da ta nemi cikakken tabanni, kotunan Faransa suka ƙi, domin dokar 2001 ta hana yi wa yaro tabanni idan dokar ƙasarsa ta haramta, sai fa in a Faransa aka haife shi kuma a can yake zaune. Ta kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, wadda a watan Oktoba na 2012 ta ce Faransa ba ta yi laifi ba. Yarinyar ta shiga makaranta da sunan uwar riƙonta a kan takardu na gaskiya, ba tare da ta zama ɗiyarta a idon doka ba. Yaron Ingila yana jiran hukunci don ya samu suna. Ita ta samu sunan tun tana jinjira, hukuncin ne ya gagara.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ambaci kafala da tabanni a wuri guda cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali. Ta kuma ce yaro na da haƙƙin a rubuta shi tun haifuwa, ya samu suna, a kuma kiyaye masa asalinsa.

A bakin ƙofar darakta

A Nijar ba kasafai ake zuwa kotu don riƙo ba. Kundin dokokin da aka gada daga Faransa ya san tabanni, kuma alƙali kaɗai ke yanke shi, amma ba hanyar akasarin jama'a ba ce. Al'amuran iyali, aure, nasaba da gado, al'ada ce ke hukunta su ga mafi yawan mutane, kuma daftarin dokar iyali da aka yi ta ja-in-ja a kansa a farkon shekarun 1990 bai taɓa zama doka ba. Riƙo yarjejeniya ce ta baki tsakanin ƴan'uwa, babu hatimi, babu ranar kammalawa.

Amma lakwal takarda take so. Watan Oktoba ya zo, ɗan kasuwa a Maraɗi ko ma'aikaci a Yamai ya kama hannun ɗan ƙanensa da aka aiko masa daga ƙauye, ya kai shi gaban darakta. Aka tambayi sunan yaro da sunan uba. Idan yaron na da takardar haifuwa, magana ta ƙare. To amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 64 cikin ɗari ne kawai na ƴan ƙasa da shekara biyar aka rubuta haifuwarsu, kuma a ƙauyuka adadin ya fi haka ƙasa. Yaron da ba shi da takarda, abin da mai riƙo ya faɗa shi mushe zai rubuta. Shi kuwa sau da yawa sunansa yake bayarwa, da zuciya ɗaya: shi ke ciyarwa, shi za a kira idan yaron ya yi laifi, kuma ba ya son a ware shi daga ƴaƴan cikinsa. Wani ma yana jin kunyar a ce ya nuna bambanci. Ba a ɓoye yake ba cewa akwai ma'aikatan da kuɗin iyali ne ke jan hannunsu su ƙara yaro a littafinsu, amma ba su ne suka fi yawa ba.

Ba yau lakwal ta fara raɗa wa mutane suna ba. A arewacin Nijeriya ɗalibai da yawa sunan garinsu aka jingina musu a makaranta, har ya bi su zuwa mulki: Tafawa Ɓalewa da Shagari sunayen garuruwa ne. Wannan bai cuci kowa ba, domin gari ba ya gado. Sunan uba kuwa da'awa ce.

Shekara shida ko goma babu abin da zai faru. Ranar haɗa takardun jarabawa ake fara jin zafi. Idan an samo takardar haifuwa ta gaskiya daga ƙauye, sunan da ke kanta bai yi daidai da na rajistar lakwal ba, kuma takardar shaidar birbe ba ta fita sai da sunan da ke kan takardar haifuwa. Idan kuwa babu ta, dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haifuwa, bayan haka sai da hukuncin alƙali da shaidu. A nan ne kuskure kan zama laifi: don kada a ɓata rajistar lakwal, sai a kawo shaidu su ce mai riƙon ne ya haifi yaron. Daga wannan takarda za a ciro ta ɗan ƙasa, da katin shaida, da fasfo, kowace na ɗauke da ƙaryar farko. Jingina wa mace haifuwar da ba ta yi ba laifi ne a dokar hukunta laifuka. Shari'ar jariran da aka ce an shigo da su daga Nijeriya, wadda ta girgiza Yamai tun daga 2014, a kan wannan tuhuma aka gina ta.

Wanda zai biya bashin shi ne yaron, kuma lokacin da mai kare shi ba ya nan. Alhaji ya rasu, an zauna rabon gado, takarda ta ce wannan ɗa ne, unguwa duka ta san ɗan ƙane ne. Idan ya karɓi rabo ya ci haƙƙin wasu, idan ya ƙi ya ƙaryata takardun da ya yi karatu da aiki da su. A can ƙauye kuma gonar mahaifinsa na hannun ƴan'uwa, waɗanda za su iya cewa takarda ta nuna shi ba ɗan gidan ba ne. Idan ɗiya ce abin ya fi rikitarwa. Ɗiyar riƙo da ba ta sha nonon gidan ba halal ce ga ɗan gidan, kuma auren zumunci irin wannan ba baƙo ba ne. Amma ranar da za a rubuta auren a ofishin magajin gari, takardu za su nuna ango da amarya uba ɗaya suke. Gyara irin wannan kuskure sai kotu, da shaidu, da kai-komo, wani lokaci da sake takardun jarabawa ɗaya bayan ɗaya.

Alhali hanyar kauce wa duk wannan ba ta da tsada. Rajistar lakwal da takardun ɗalibi suna da wurin sunan uba, suna kuma da wurin mai kula da yaro, wanda Faransanci ke kira tuteur. Mai riƙo ya sa sunansa a na biyu, ya bar na farko ga mai shi, ko yana raye ko ya rasu. Idan babu takardar haifuwa, a nemi hukuncin alƙali da sunayen iyaye na gaskiya tun yaron na ajin farko, ko a jira zaman da alƙalai kan yi a ƙauyuka da makarantu don wannan aiki. A unguwa da cikin aji a ci gaba da ce masa ɗan gidan Alhaji wane, babu mai hanawa. Wanda kuma ke son ya bar masa wani abu, wasiyya har sulusi a buɗe take, kyauta kuma tun yana da rai, a gaban shaidu, da takarda mai ɗauke da sunan yaron na gaskiya.